Wa Ya Yanke Shingen Mala?

Ranar Alhamis da hantsi muka jera gawarwakin a kan buhu a bayan mota. Gawar mala tara, dabbobin da muke gadi. Shekara shida muka yi muna fafutukar a dawo mana da su garinmu Wirrkanji, har aka kawo talatin da ɗaya a jirgi, tsofaffi suna kuka suna waƙa a bakin filin sauka. Ƙananan dabbobi ne, ba su wuce zomo ba, suna tsalle da ƙafafun baya irin na kangaru, kuma tun kafin a haife ni maguna suka ƙarar da su a ƙasarmu. Yanzu ga tara a kwance, an ci kowanne daga kai, aikin muzurun daji sak.

Clifton ne ya kawo labarin. Shi ne shugabanmu mu masu gadin daji, ɗan ƙanwar innata, wato ƙanena. Ya ce da ya fita zagayen safe ya tarar an yanke shingen da muka killace su a ciki ta gabas, kafar da kare zai iya wucewa. Shingen nan ya fi mutum tsayi, ga waya mai lantarki a samansa, babu magen da ta taɓa tsallake shi.

Na koma gari na ɗauko Inna. Sunanta Dulcie Napaljarri, ta haura saba'in, kuma a kan yashi babu abin da ke wuce ta. Ta sauka ba takalmi, riƙe da daginta na ƙarfe, ta kore mu da hannu.

"Ku ja baya. Kun riga kun tattake mini rabin wurin da kofatanku."

Ta tsuguna nesa da kafar, ta daɗe tana kallo. Ni dai abin da na gani yashi ne sumul ciki da waje, sai ɗan zanen ƙafar buzuzu. Ta tashi ta zo bayan mota, ta ɗaga gawar farko ta sunsuna, ta matsa cikin ta biyu da yatsa. Wasu sun bushe, tururuwa sun lulluɓe su. Biyu kuwa jininsu bai daɗe da daskarewa ba.

"Inna, me kika gani?" in ji Clifton. Leɓensa ya bushe, sai lasa yake yi.

"Na ga ƙishirwa. Verna, ina shayina?"

Kafin mu iso gari labari ya riga mu. A bakin kanti mutane sun rabu biyu. Samari sun ce Des Hallett ne, Baturen da ke da gonar shanu a kudancinmu, wanda shingen ya tare wa hanyar rijiya. Har wani ya fara maganar a je a cinna wa ciyawarsa wuta. Sauran kuwa ba su kama suna ba, sai satar kallon gidan tsoho Jangala suke yi. Kowa ya tuna ranar taro da ya miƙe ya ce shingen ya datse hanyar kududdufin dutsen mahaifinsa, kuma wata rana da hannunsa zai yanke shi.

Bronwyn, Baturiyar da ke lura da lafiyar dabbobin, ta dawo daga Darwin a jirgin safiyar nan tare da sauran abokan aikinmu biyu, mako guda suna can wajen taro. Ta ja ni gefe, idonta ja.

"Verna, na yi waya da ofis. Sun ce in dai mutum ne ya yanke, ranar Litinin za su zo su kwashe waɗanda suka rage. Ba za su bar su a inda ba a son su ba."

"Wa ya ce ba a son su?"

"Ki faɗa wa filayar da ta yanke wayar."

Inna tana gaban mota tana hura shayi a gwangwani. Ta ƙwanƙwasa gilashi da zobenta.

"Ke direba, hira kika zo yi? Kai ni wajen tsohon can mai taurin kai."

Mun sami Jangala a ƙarƙashin rumfarsa yana gasa wutsiyar kangaru a toka, karnukansa biyar kewaye da shi. Bai ɗago ba.

"An turo ki ki kama ni, Napaljarri? Da wannan ƙafar taki mai kama da busasshen damo?"

"Ƙafata ta fi idonka aiki. Na ga sawunka a shingen, ta arewa. Kai da sandarka da karen nan mai ɗingishi."

"To, na je. Ƙasar ubana ce, sai na nemi takarda?"

"Me ka je yi?"

Ya juya wutsiyar a toka.

"Waƙa na je yi musu," ya ce a hankali. "An kawo su daga nesa, ba su san sunan wurin da suke ba. Wa zai faɗa musu? Baturiyar nan mai na'ura? Duk Lahadi nake zuwa."

"Ka ce za ka yanke shi."

"Na kuma ce zan auri mata huɗu. Kin ga ko ɗaya?" Ya nuna filayarsa da ke rataye a jikin ƙusa, ta yi tsatsa har bakinta ya manne. "Ɗauki ki kai musu. In ta yanke zare, ni ne."

Inna ta yi dariya, ta miƙe. Har mun kai mota ya ɗaga murya.

"Ki faɗa wa yaranki shingen nasu ya tsufa kamar ni. Ran Lahadi santsi ya kwashe ni, na kama wayar sama da hannu biyu. Ko cizon sauro ban ji ba."

Inna ta tsaya cak, hannunta a kan murfin mota.

"Wace Lahadi, Kawu?" na tambaya.

"Wadda ta wuce mana. Ni nawa nake da su?"

Tafiyar awa ɗaya da rabi ce zuwa gonar Des, hanya duk gargada. Inna sai buga dagi take yi a ƙasan mota, tak, tak, tak, har na ji kamar in fizge shi in jefar.

Des yana kan injin rijiya, baƙin mai har gwiwar hannu. Da ya hango mu ya jefar da sifana.

"Na ji labari. Kun zo da 'yan sanda ne, ko da masu ashana?"

"Da bakina kawai," in ji Inna. "Tayar motarka ta bi gefen shingen ran Asabar. Ta baya ta hagu ta cinye, ka canza ta kafin ta kashe ka."

"Bijimina ne ya ɓalle, na bi shi. Dulcie, shekara talatin kin san ni. Na yi faɗa a kan shingen nan a gaban kowa, na sha kaye, na haƙura na haƙa wata rijiyar. Ni ba na zuwa da filaya a ɓoye."

"Wa ka gani a hanya?"

"Babu kowa." Ya goge hannu da tsumma. "Sai Clifton. Ya wuce ni kamar an koro shi, mamarsa a kwance a kujerar baya. Har na yi mamaki, don wata guda motar nan tana kan duwatsu a mace. Da safiyar ranar ya buga mini waya neman aron batir, na ce ba ni da na rarar. Yaya jikin nata?"

"Tana asibitin Alice Springs, ana mata wankin ƙoda," na ce. "Jikin ya rikice, sai jiya Laraba Clifton ya samu ya dawo."

"Allah ya ba ta lafiya. Ki faɗa wa samarinku, wanda ya kawo mini wuta zai koma da harbin gishiri a gindi."

A hanyar dawowa Inna ta ce in bi ta shingen. La'asar ta yi, inuwa ta miƙe, lokacin da sawu ya fi fitowa. Ba ta koma kafar ba. Ta nufi wata bishiyar mulga da ke can gefe, kamar taku arba'in, ta miƙa dagi ta sauko da wani reshe da aka saƙale a tsakanin rassa. Ganyensa ya yi jajir da yashi, bakinsa ya lanƙwashe gefe ɗaya.

Nan take na gane. Ita ta koya mana haka. In za mu ƙirga dabbobi, mukan share yashi da reshe da yamma, muna ja da baya, washegari mu zo mu karanta abin da ya taka. Kuma ta hana mu jefar da reshen. A saƙale shi sama, gobe ma zai yi amfani. Sau nawa ta ranƙwashe ni a kan haka.

"Mutum huɗu na koya wa," ta ce. "Biyu suna Darwin har safiyar yau."

"Inna, ni ba..."

"Ke shararki kamar kaza ta yi tono. Wannan mai tsabta ce." Ta zauna a ƙasa daɓas, reshen a cinyarta. Ban taɓa ganin ta tsufa haka ba. "Shi ya fi ku duka iyawa."

"Mu je mu sami Clifton mu kaɗai. Ya gyara, a ce raƙumi ne ya turo shingen."

"Raƙumi mai filaya? Shi kuma tsohon can fa, ya mutu da sunan ɓarawo? Ko a ƙona ciyawar Des, a kwashe mana yara zuwa kurkuku?" Ta share fuska da gefen siket. "Ki faɗa wa kowa gobe da sassafe a haɗu a nan. Har da Des. Kada ki ce wa ƙaninki komai."

"Inna, uwarsa ƙanwarki ce."

"Ni na goya ta. Ba sai kin tuna mini ba."

Motoci goma sha ɗaya suka zo ranar Juma'a. Samari sun tsaya gefe guda, hannu a ƙirji. Des ya jingina da motarsa can nesa, hularsa a kan ido. An ajiye wa Jangala kujerar roba, jikokinsa mata sun kewaye shi suna harare-harare. Bronwyn tana riƙe da wayarta kamar za ta murƙushe ta. Clifton ya toshe kafar da raga tun jiya, yana tsaye kusa da ita.

Inna ta ja layi da dagi a ƙasa, ta ce kada kowa ya tsallake.

"Ku duba nan. Wanda ya yanke wayar ya share sawunsa, taku goma waje, taku goma ciki. An yi iska ran Talata, amma ba ta taɓa sharar ba, wato bayan Talata aka yi ta. Jiya da safe na karanta abin da ya taka a kai. Buzuzu ɗaya. Ƙadangare ɗaya. Ɓera ya zo ya fasa ya koma." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ina muzurun?"

Kowa ya miƙa wuya ya leƙa yashin.

"Ko fiffike gare shi? Babu magen da ta shiga ta nan, babu wadda ta fita. Gawarwakin nan wasu sun kwana huɗu kafin a taɓa wayar. Ba don a shigar da muzuru aka yanke shingen ba. An yanke ne don kada a tambayi ta ina ya shiga."

"To ta ina ya shiga?" in ji Bronwyn.

"Ta sama. Jangala, ran Lahadi wayar ta cije ka?"

"Ko lasa ba ta yi ba."

"Ba wuta ke nan. A ranar, batirin solar da ke ba wayar wuta ba ya cikin akwatinsa. Des, ka ce ran Asabar ka ga matacciyar mota ta tashi."

Des ya ɗaga hularsa, ya dubi Clifton, ya sunkuyar da kai. Inna ta fito da reshen daga bayanta, ta taka har gaban Clifton, ta ajiye a ƙafarsa.

"Ɗana," ta ce, "ka saƙale shi yadda na koya maka."

Clifton ya dubi reshen. Ya zauna a kan yashi.

"Motar asibiti ta tafi da mai naƙuda," ya ce. "Mama ta kumbura, numfashinta yana sama. Na zaga gida bakwai, babu batir. Na ce kwana ɗaya ne, in kai ta in dawo in mayar. Da muka isa suka ce ba lallai ta kwana ba. Yaya zan taho in bar ta? Ran Laraba na dawo na mayar da shi, na shiga ciki na gan su a warwatse..." Ya rufe fuska. "Wallahi ban nufi Kawu ba, ban nufi Des ba. Na ce dai a ce wani ne. Wani can, wanda ba shi da suna."

"A garin mutum ɗari biyu?" in ji ɗaya daga jikokin Jangala. "Jiya an jefi karen kakanmu da dutse!"

"Da ka buga mini waya," in ji Bronwyn, hawaye na zuba. "Kira ɗaya, Clifton. Da na sa Verna ta kwana a bakin shingen da bindiga."

"Da ka ce mini don uwarka ne," in ji Des, "da na cire na motata na ba ka. Aron batir kawai ka ce."

Hayaniya ta kaure, kowa yana faɗin tasa. Inna ta buga dagi a jikin turken ƙarfe, ƙarar ta ratsa kunnen kowa.

"Ku yi shari'arku daga baya. Ba ku ji abin da na ce ba? Bai fita ba. Yana ciki yanzu haka, ya ƙoshi yana barci, yamma ta yi ya tashi. Wanda ke da ƙafa ya biyo ni."

Mutum ashirin da wani abu muka shiga, muka yi layi. Har Des ya ɗauko bindigarsa. Inna ta kama sawun a gindin tudun yashi na biyu, ƙato, tafinsa ya kusa na kare. Muzuru yana da gudu amma ba shi da numfashi, in ka hana shi hutawa cikin zafin rana zai gaji kafin kai. Sau uku muka tashe shi daga ƙarƙashin ciyawar ƙaya, sau uku ya ɓace. Ruwanmu ya ƙare, samari biyu suka koma mota. Inna ta fara tangaɗi, ta miƙa wa Clifton dagin ba tare da ta dube shi ba.

"Karɓa. Kai ka buɗe masa, kai za ka rufe."

Shi ya bi sawun na ƙarshe, a sunkuye, har wani ramin damo a gindin mulga. Wajen ƙarfe uku ya fito da shi a mace, riƙe da wutsiya, hannunsa duk yakushi. Bai yi murna ba. Ya ɗauke shi a kafaɗa har bakin ƙofa inda Jangala ke zaune, ya ajiye a gabansa, ya tsaya kansa a ƙasa.

Tsohon ya taɓa muzurun da sandarsa.

"Uwarka tana raye?"

"Tana raye, Kawu."

"To." Ya miƙa hannu a tayar da shi. "Duk Lahadi kai za ka riƙa kawo ni. Ka tsaya a bayana ka saurara, ko ka koyi sunan waɗanda ka kashe."

Da muka ƙirga cikin makon, ashirin suka rage, don mun sami wasu gawa biyu a cikin ciyawa. Bronwyn ta faɗa wa ofis gaskiya, tsofaffi kuma suka sa hannu a wasiƙa, har da Des. Ba a kwashe su ba. An sauke Clifton daga shugabanci aka ba ni, abin da ban nema ba. Bai bar aikin ba. Kullum da asuba yana zaga shingen da ƙafa, kilomita goma sha biyu, ba wanda ya sa shi. Bana da muka ƙirga mun sami arba'in da uku.

Labari ya kai wa mamarsa a gadon asibiti tun ranar, da ƙari a kai. Ta aiko da saƙo ta bakin wata mai jinya, ta ce a faɗa wa yayarta ɗanta ya ceci ranta, ita kuma ta tsayar da shi tsirara a gaban gari da Bature.

Wata goma sha huɗu ke nan ba ta yi wa Inna magana ba. Duk ranar Asabar Inna takan zo gidana ta zauna a bakin ƙofa, ta ce in latsa mata lambar ƙanwar tata. Takan kara wayar a kunne ta saurari ƙarar har ta katse da kanta. Sai ta miƙo mini, ta dafa gwiwa ta tashi.

"Wataƙila tana kan injin wankin ƙodar," takan ce. "Mako mai zuwa."